Daga Sakkwato zuwa Coachella: Abin da manyan bukukuwan kiɗan rok ke nuna wa yankin Funtuwa da Malumfashi

A watan Afrilun 2024, wani Ba'abzine sanye da rawani ya hau dandamalin Coachella a jihar Kalifoniya ta Amurka, ɗaya daga cikin bukukuwan kaɗe-kaɗe mafi girma a duniya, rataye da jitar lantarki. Sunansa Mahamadou Souleymane, ɗan Jamhuriyar Nijar, amma an fi saninsa da Mdou Moctar. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, faifansa na farko mai suna Anar a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da irin na'urar gyaran muryar da waƙoƙin finafinan Hausa suka yi fice da ita.

Kiɗan da ya ratsa ƙasar Hausa a hanyarsa ta fita duniya yanzu yana tara dubban mutane a Turai da Amurka. A daidai wannan lokaci kuma, a kudancin jihar Katsina, yankin da Mamman Shata ya yi mafi yawan rayuwarsa, taruwar jama'a a fili bayan faɗuwar rana ta zama abin da ake yi da ɗar-ɗar a ƙauyuka da dama. Tazarar da ke tsakanin waɗannan wurare biyu ta wuce ta ɗanɗanon kiɗa. Magana ce ta tsaro da mulki.

Mene ne rok da metal?

Rok kiɗa ne da aka gina a kan jitar lantarki, da jita mai kaurin murya, da jerin ganguna, da mawaƙi. A ƙarshen shekarun 1960, ƙungiyoyin Ingila irin su Led Zeppelin da Deep Purple suka ƙara masa ƙarfi: ana buɗe na'urar ƙara sauti fiye da ƙimarta har muryar jita ta dushe ta koma kamar rurin inji. Wannan shi ne rok mai tsauri.

Metal kuwa, wato ƙarfe, an fi danganta asalinsa da Black Sabbath, ƙungiyar wasu samari huɗu 'ya'yan leburori da suka haɗu a Birmingham a 1968. Mai jitarsu, Tony Iommi, ya rasa kan yatsunsa biyu a wata masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17. Domin ya ci gaba da kiɗa, sai ya riƙa sa wa yatsun marufi, daga baya kuma ya sassauta tsarkiyar jitarsa, lamarin da ya ba sautin nauyi da duhu. Daga hatsarin ma'aikata ne, ke nan, salon ya samo wani ɓangare na muryarsa.

Ga kunnen Bahaushe, hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan kiɗa ita ce a tuna da gangar noma a filin gayya, ko kiɗan 'yan tauri, ko yadda kalangun Ɗan Anace ke tsima ɗan dambe. Ba kiɗan zama a saurara ba ne. Kiɗan ta da jini ne, kuma galibin waƙoƙinsa na magana ne a kan yaƙi, da zalunci, da mutuwa, da fushin talaka.

Ƙauyen manoma da ya zama matattarar duniya

Ɗaya daga cikin shahararrun bukukuwan metal a duniya ba a babban birni ake yin sa ba. Wacken ƙauye ne na manoma da makiyaya a arewacin Jamus, mai mutane kusan 2,000. A 1990, wasu samarin yankin biyu, Thomas Jensen da Holger Hübner, suka shirya wasa a wani fili, mutum kusan 800 suka halarta. A yanzu ana sayar da tikiti 85,000, wani lokaci ma su ƙare cikin 'yan sa'o'i.

Yadda abin ke tafiya shi ne abin lura. Manoma na ba da hayar filayensu don kafa tantuna da ajiye motoci. Mutanen gari na sayar da abinci da ba da masauki. Ƙungiyar masu bushe-bushe ta 'yan kwana-kwanan ƙauyen ma na hawa dandamali. Bayan kwanaki kaɗan a kwashe komai, filin ya koma makiyaya.

Sai dai taron dubban mutane ba ya tsayawa da sha'awa kawai. Yana buƙatar hanya, da lantarki, da ruwa, da makewayi, da asibitin tafi-da-gidanka, da hukumar da ke da ikon cewa a dakata. A 2023, da ruwan sama ya mayar da filin Wacken taɓo, an tsayar da shigar baƙi, mutum kusan 61,000 ne suka samu shiga, manoma kuma suka riƙa jan motocin da suka maƙale da taraktocinsu. Turai ta koyi wannan taka-tsantsan ne da jini: a watan Yunin 2000, mutum tara suka mutu a turmutsitsi a bikin Roskilde na Denmak yayin da ƙungiyar Pearl Jam ke wasa, abin da ya sa aka sake fasalin shingayen gaban dandamali a manyan bukukuwa.

Jitar da ta bi ta wayoyin hannu

Mdou Moctar ya taso ne a gidan da ba a maraba da kiɗa saboda dalilai na addini, yanayin da matashin Bakori ko Ƙafur zai gane nan take. Jitarsa ta farko shi ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Waƙoƙin da ya naɗa a Sakkwato ba wani babban kamfani da ya tallata su. Daga waya zuwa waya suka yaɗu, ta Bluetooth da katin memori, har suka ƙetare Sahara. Ta haka wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya ji shi, ya sa waƙarsa a wani kundi na kiɗan wayoyin Sahara a 2011.

Daga nan salonsa ya ƙara tsauri. Faifansa Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 sun yi magana a kan mulkin mallaka, da rawar Faransa a Nijar, da halin da talakan ƙasar ke ciki duk da arzikin yuraniyom. Siyasar da yake waƙa a kanta ba ta bar shi ba: lokacin da sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar na rangadi a Amurka, rufe iyakoki ya sa 'yan Nijar ɗin cikinta suka maƙale a can.

Ba shi kaɗai ba ne. Bombino na Agadas shi ne ɗan Nijar na farko da aka sa cikin takarar lambar Grammy, saboda faifansa Deran na 2018. Tinariwen ta arewacin Mali ta lashe lambar a 2012. Tal National ta Yamai, wadda wani alƙali ya jagoranta, na waƙa da harsuna da dama, har da Hausa.

Garin Shata

Kudancin Katsina ba baƙon babban taron kiɗa ba ne. Layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya bi ta Funtuwa, auduga da masara da dawa suka kawo kuɗi, kuɗin kaka kuma suka riƙe makaɗa. Bayan an kai amfani gida ne ake bukukuwan aure, da kalankuwa, da dambe, da kokawa. Manomi ya sayar, makaɗi ya samu, mai tuwo-tuwo da mai tsire da direba su ma su samu. Tsarin da ke tafiyar da Wacken ke nan, sai dai a nan ba a sayar da tikiti ta intanet.

A wannan yanayi Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya zauna a Bakori sannan ya yi shekaru masu yawa a Funtuwa. Da kalangu da 'yan amshi ya zama mawaƙin da ya fi kowa suna a ƙasar Hausa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta, ya kuma shiga siyasa har ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa a Jamhuriya ta Uku. Ya rasu a watan Yunin 1999, aka binne shi a Daura. Sunansa kaɗai jari ne da wani gari zai iya gina bikin shekara-shekara a kansa.

Me ya ƙuntata dandalin?

Amsa ta farko tsaro ce. A daren 11 ga Disambar 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi. A ƙarshen Agustan 2021, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ta kuma taƙaita zirga-zirgar babura da dare. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Faskari, Sabuwa da Ɗandume. A Oktoban 2023, Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar. Duk da haka, a watan Agustan 2025 an kashe gomman mutane a harin da aka kai Unguwar Mantau ta Malumfashi, wasunsu suna cikin masallaci ana sallar asuba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa wata jijiya ta rayuwar dandali. In babur ba ya tafiya da dare, ba mai zuwa wasa daga ƙauyen maƙwabta. In kasuwa ta mutu, ba kuɗin kari ga makaɗi. In manomi sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya girbe gonarsa, ba rarar da za a yi biki da ita. Inda kuma sahun sallar asuba bai tsira ba, babu taron da zai ce ya tsira.

Yankin Sahel ya ga irin wannan. Bikin Hamada na Mali, wanda aka fara a 2001, ya jawo har Robert Plant na Led Zeppelin a 2003. Rashin tsaro ya sa aka matso da shi kusa da Tumbutu, aka yi na ƙarshe a Janairun 2012, daga nan masu tsattsauran ra'ayi suka mamaye arewacin ƙasar suka haramta kiɗa. A Najeriya ma, bikin kamun kifi na Argungu ya yi kusan shekara goma a dakace kafin a dawo da shi a Maris 2020.

Batun tarbiyya fa?

Amsa ta biyu ita ce addini da al'ada, kuma ba abin rainawa ba ce. Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, tana kuma da hukumar Hisba. Iyaye da malamai da yawa na kallon irin waɗannan taruka a matsayin matattarar giya da ƙwaya da cuɗanyar maza da mata, kuma gaskiya ne cewa bukukuwan Turai cike suke da giya.

Muhawarar ba ta Arewa kaɗai ba ce. A Faransa, ƙungiyoyin Kirista da wasu 'yan siyasa sun sha sukar bikin Hellfest na garin Clisson. A Maroko, an yanke wa matasa 14 makaɗa da masoya metal hukuncin ɗauri a Kasabalanka a 2003 bisa zargin ɓata tarbiyya, sai da jama'a suka yi zanga-zanga kafin kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mafi yawansu. A Indunusiya kuwa, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi, wasu 'yan mata uku masu hijabi da suka haɗu a wata makarantar Islamiyya ta yankin Garut sun kafa Voice of Baceprot, suka yi wasa a Wacken a 2022 da Glastonbury ta Ingila a 2024.

Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne, kowace al'umma na shata iyakarta, ta hanyar doka da kotu da muhawara a bainar jama'a. Akwai bambanci mai girma tsakanin garin da ya zauna ya yanke shawarar irin wasan da zai yarda da shi, da garin da bindiga ta yanke masa.

Abin da ya kamata a tambayi masu neman ƙuri'a

Ba lallai ne matashin Funtuwa ya so rurin jitar Black Sabbath ba, ba kuma wanda ke jiran a kawo bikin metal Malumfashi. Amma abubuwan da ke sa mutum 85,000 su kwana a gonar Jamus su koma gida lafiya su ne dai musabaƙar Alƙur'ani ke buƙata, da Mauludi, da gasar dambe, da cin kasuwar hatsi ta Ɗandume: hanya mai aminci, da fitila, da motar asibiti, da jami'an da za a kira su zo.

Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, 'yan siyasa za su sake ɗauko makaɗa su cika filaye da rana tsaka, da rakiyar motocin jami'an tsaro. Tambayar da matasa za su iya yi musu mai sauƙi ce: bayan ayarin ya tafi, ƙauyuka nawa ne a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara za su iya buga ganga bayan isha'i a lokacin kaka? Kuɗi nawa aka ware wa al'adu da tsaron karkara a kasafin jiha, nawa aka saki, ina kuma suka shiga? Amsoshin na cikin takardun kasafi da rahotannin aiwatar da shi, kuma duk ɗan jiha na da haƙƙin neman su.