Tashar Jirgin Ƙasa ta Damazin da Fataucin Dabbobi

'Yan'uwa fatake da dillalai, a zaman ƙungiya an sha tayar da maganar tashar jirgin ƙasa ta Damazin, wadda mutanen gari ke ce wa mahaɗɗa. Samarinmu da yawa sun tashi ba su taɓa ganin an loda sa a jirgi ba, don haka suna ganin maganar ta tsofaffi ce. To, ga bayanin yadda abin yake.

Dogo ya iso Sinnar daga Khartum ta Wad Madani tun wajen 1910, wato 'yan shekaru kaɗan bayan Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya zauna da jama'arsa a Maiurno, kudu da Sinnar. A 1929 aka haɗa Sinnar da Gadarif da Kasala, ta yadda kaya za su iya kai wa Bur Sudan ba tare da sun bi ta Khartum ba. Reshen namu kuwa sai a tsakiyar shekarun 1950 aka shimfiɗa shi: ya tashi daga Sinnar, ya bi ta Sinja, ya ƙare a Damazin, tafiyar fiye da kilomita 200. Da aka zo gina madatsar ruwa ta Rusairis daga 1961 zuwa 1966, wannan dogo ne ya yi dakon siminti da ƙarafa, garin Damazin kuma ya bunƙasa a gefen aikin. Bayan haka sai ya koma kwasar dawa da riɗi da gawayi zuwa arewa.

Abu na farko da ya kamata falke ya gane shi ne, Damazin ƙarshen layi ce. Jirgi ba ya ratsa ta kan hanyarsa ta zuwa wani gari, sai dai a aiko shi takanas. Saboda haka duk wagunun da za ka zuba shanu a ciki, sai an turo shi daga Sinnar, galibi wayam. Hukumar jirgi kuwa ba ta son jan wagunu wayam, don kan jirgi zai sha mai, kuɗin shiga babu. Wannan shi ne ciwon kowace tashar reshe. Waɗanda iyayensu suka yi fatauci a Nijeriya sun san labarin Nguru da Ƙauran Namoda, inda dogo ya tsaya a 1930 da 1929: can ma mai shanu yakan zauna jiran wagunu, dabba tana cin jarinsa. Faɗin dogon ma ɗaya ne da namu, ƙafa 3 da inci 6.

Na biyu, layin guda ɗaya ne tilo. Jirage biyu ba sa wuce juna sai a tasha, inda aka yi ɗan reshe a gefe, ɗaya ya raɓe ɗaya ya wuce. Amfanin ƙananan tashoshin da ke cikin daji ke nan, waɗanda mutum zai gani ya ce ina dalilinsu, ba gari ba kasuwa. Nazirin tasha ba ya sakin jirgi sai na gaba ya tabbatar masa hanya a buɗe take. In aka rufe tasha ɗaya don rashin ma'aikata, tazarar da jirgi zai yi jira ta ninka. Buhun dawa bai damu da jira ba. Amma sa yana tsaye cikin ƙarfe da rana, ba ruwa ba ciyawa, kowace sa'a nama yake zubarwa, wanda ya faɗi kuma sauran su tattake shi. Shi ya sa tsofaffin fatake kan sa yaro ya bi wagunu da sanda, aikinsa kawai ya tayar da wanda ya kwanta.

To me ya kashe harkar? Ba abu ɗaya ba ne. A farkon shekarun 1970 jiragen Sudan suna ɗaukar kaya wajen tan miliyan 3 a shekara, daga nan abin ya yi ta raguwa. A 1980 aka gama kwaltar Khartum zuwa Bur Sudan, manyan motoci suka kwashe kaya masu tsoka. A 1981 ma'aikatan jirgi, waɗanda cibiyarsu ke Atbara, suka yi yajin aiki, gwamnatin Numairi ta rushe ƙungiyarsu. Bayan 1989 kuma aka sallami ƙwararru da dama. Ga rashin kayan gyara. Hukumar da ba ta da isassun kawunan jirgi, babban layi za ta fara ba, reshe ya samu saura. A ƙasarmu kuma ga baƙar laka, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani; dogon da ba a bi ana gyara ƙasan sa kowace shekara, da kansa yake karkacewa. Haka layin Damazin ya yi ta ja da baya har jirgi ya daina zuwa.

Wani zai ce ai lori ya fi, kuma yana da gaskiyarsa. Ka yi ciniki da direba yau, gobe dabbarka tana hanyar kasuwar Muwailih ta Umdurman, ba ka roƙi kowa wagunu ba. Amma babbar hanyar lori ita ce ta Sinja. A ƙarshen watan Yuni na 2024 da dakarun Da'am Sari suka kama Sinja, sai da Damazin ta yanke daga arewa, har zuwa Nuwamba da soja suka karɓe garin. Kada dai a ruɗi kai: da jirgi na aiki ma da ya tsaya, tunda shi ma ta Sinja yake bi. Inda jirgi ya fi shi ne lokacin zaman lafiya, wajen yawa da araha, da kuma rashin tsaye-tsayen shinge inda ake karɓar kuɗi a kan kowane kai.

Saboda haka, duk ranar da hukuma ta zo da maganar gyaran layin, kada wakilanmu su tsaya a tafi da godiya. A ganina abin da za a fara nema shi ne rana tsayayya, ko da sau ɗaya ne a mako, wadda ta dace da cin kasuwa, don falke ya san yaushe zai saya. Sannan zariba a jikin tasha, mai ruwa, da dakalin lodi daidai da ƙofar wagunu, don sa ya shiga da ƙafarsa ba a karya shi ba. Likitan dabbobi ya duba ya ba da takarda a nan Damazin, kada a sauke dabba a Sinnar don hatimi. A kuma rubuta wanda zai biya in jirgi ya kwana a hanya dabba ta mutu.

Ita ma ƙungiya da nata aikin. Hukumar jirgi ba za ta turo kan jirgi don wagunu biyu ba. Sai mun haɗa kai da fataken Sinja da masu tumakin da ke nufin Sawakin, mun kai lissafin kawunan da za mu iya lodawa kowane mako, rani da damina. Sakatare zai zagayo da littafi a kara, kowa ya faɗi adadin da ya fitar bara da watan da ya fitar.