Ekadashi: Azumin da mabiya addinin Hindu ke yi sau biyu a kowane wata

Masu kallon finafinan Indiya sun saba ganin matar aure tana jiran fitowar wata kafin ta sha ruwa daga hannun mijinta. Wannan azumin Karwa Chauth ke nan, kuma sau ɗaya ake yin sa a shekara. Amma akwai wani azumin da ya fi shi yawan zagayowa a rayuwar mabiya addinin Hindu, waɗanda ƙidayar 2011 ta nuna sun kai kusan kashi 80 cikin 100 na al'ummar Indiya. Sunansa Ekadashi.

Kalmar, a harshen Sanskrit, tana nufin “ta goma sha ɗaya”. Kalandar Hindu ta raba kowane wata gida biyu: rabin da wata ke ƙaruwa da rabin da yake raguwa. Rana ta 11 a kowane rabi ita ce Ekadashi. Ke nan ana samun 24 a shekara, ko 26 a shekarar da aka ƙara wata guda. An keɓe ranar ce ga Vishnu, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu.

Abin da ake nufi da azumin

Suna kiran azumi “upavasa”, wato zama kusa, ma'ana kusantar abin bauta. Wasu malamansu kan danganta lamba 11 da jikin mutum: gaɓoɓi biyar na ji da gani da shaƙa da ɗanɗano da taɓawa, biyar na aiki kamar hannu da ƙafa da harshe, sai zuciya ta cike ta 11. A wajensu, wanda ya kame bakinsa daga abinci amma ya saki harshensa da idonsa bai yi komai ba. Shi ya sa ake hana ƙarya da faɗa da gulma a ranar, ana kwaɗaitar da sadaka, da karatun littafin Bhagavad Gita, da raya dare da waƙoƙin yabo.

Babbar ƙa'idar ita ce barin hatsi da dangin wake: babu shinkafa, babu alkama. Tsofaffin littattafansu da ake kira Purana sun ce a wannan rana zunubi kan ɓuya a cikin hatsi. Bayan wannan, kowa da ƙarfinsa. Wani madara da ƴaƴan itace kawai zai sha, wani ya ci dankali da gyaɗa da sabudana, wasu ƴan ƙwayoyi farare da ake yi da garin rogo. Ba a buɗe baki da faɗuwar rana. Sai washegari bayan fitowarta, a cikin wani lokaci da kalanda ta ƙayyade. An ɗauke wa yara da marasa lafiya da masu juna biyu tsananin.

Ranar da ko ruwa ba a sha

Mafi wuya ita ce Nirjala Ekadashi, wato “marar ruwa”. Tana faɗowa tsakanin Mayu da Yuni, lokacin da zafi a arewacin Indiya ke haura digiri 40. Daga fitowar rana zuwa ta washegari, ba ci ba sha.

Labarin asalinta yana da ban dariya. An ce Bhima, ƙaƙƙarfan jarumin nan na littafin Mahabharata, mutum ne mai ci sosai, ya kasa bin ƴan'uwansa a azumin. Da ya kai kuka wajen malami Vyasa, sai ya ba shi mafita: ya daure rana guda a shekara babu ko ɗigon ruwa, ya samu ladan sauran duka. Har yau a wannan rana ake kafa rumfuna a bakin hanya ana raba wa masu wucewa ruwan sanyi mai zaƙi kyauta.

Taro da haɗarinsa

Wasu ranakun Ekadashi kan tara jama'a masu ɗimbin yawa. A jihar Maharashtra, mabiya ɗariƙar Warkari kan taka da ƙafa kimanin kilomita 250 cikin mako uku, daga garuruwan Alandi da Dehu zuwa Pandharpur, domin su riski Ashadhi Ekadashi a farkon damina. A kudu kuwa, tsakanin Disamba da Janairu, ana buɗe wata ƙofa ta musamman a wuraren bauta na Srirangam da Tirumala a ranar Vaikuntha Ekadashi. Masu ibada sun yi imanin cewa ratsa ta na kai mutum ga tsira.

Wannan ɗoki ya taɓa jawo asarar rayuka. Ranar 8 ga Janairun 2025, mutum 6 sun mutu a turmutsitsin da ya auku a garin Tirupati yayin da dubban mutane ke layin karɓar tikitin shiga ta wannan ƙofa.

Ga mafi yawan masu azumin dai, ranar kan wuce shiru a cikin gida. Ɗalibi ko majinyacin da ya sauka a Indiya zai iya lura da abokin zamansa ya ture faranti na shinkafa ya ɗauki ayaba. Idan haka ta faru, a duba kalanda: mai yiwuwa rana ta 11 ce.