Jirgin Balan-balan da Jigilar Kaya: Ribar Muhalli da Matsalar Nauyi

Jirgin sama na yau da kullum yana ƙona mai ne saboda abu biyu: ya riƙe kansa a sama, ya kuma yi gaba. Jirgin balan-balan kuwa, irin wanda Jamusawa suka shahara da shi tun daga Zeppelin na farko a 1900, kyauta yake samun tashi. Ana cika tumbinsa da iskar da ba ta kai iskar sarari nauyi ba, sai ya taso kamar yadda gora ke tasowa a kan ruwa. Turawa kaɗai ce aikin injinsa. Wannan ce hujjar masu ganin zai rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, musamman da yake ba ya bukatar a sare daji don shimfiɗa masa titin sauka.

Kasuwarsa ta mutu ne bayan ranar 6 ga Mayu, 1937, da jirgin Hindenburg ya kama da wuta a Lakehurst ta Amurka, mutum 36 suka rasu. Iskar haidurojin ce a cikinsa. Jiragen yanzu hiliyom ake ɗura musu, wadda ba ta cin wuta, sai dai tana da tsada, kuma daga rijiyoyin gas na ƙasashe ƙalilan, kamar Amurka da Katar da Aljeriya, ake samun ta. Kowace mita kubik ta hiliyom kusan kilo ɗaya take ɗagawa. Shi ya sa jirgin LCA60T, da kamfanin Flying Whales na Faransa ya tsara don ɗaukar tan 60, zai kai tsawon mita 200.

Babbar matsalar, wadda masu talla ba su cika ambata ba, tana wajen sauke kaya ne. Da zarar jirgin ya ajiye tan 60, ƙarfin da ke ɗaga shi na nan yadda yake, don haka zai zabura sama. Dole ya karɓi wani nauyin a madadi, galibi ruwa, a daidai lokacin da yake sakin kayan. To, wuraren da aka fi bukatar sa, wato duwatsu da dazuzzukan da ba hanya, ba ko'ina ba ne ake da ruwan da zai kai haka, balle famfon tura shi sama. Ga kuma guguwa, wadda abu mai wannan girma ba ya iya kauce mata.

Saboda haka kuskure ne a ɗauke shi a matsayin magajin jirgin ruwa ko na ƙasa, domin sun fi shi araha nesa ba kusa ba. Gurbinsa shi ne inda in ba shi ba sai helikwafta: fitar da katako daga tsakiyar daji, ko kai fukafukan injin samar da lantarki daga iska zuwa kan tudu.

An taɓa gwada wannan sana'a. Kamfanin CargoLifter na Jamus ya tsara jirgi mai ɗaukar tan 160, amma ya karye a 2002 kafin ya ƙera shi. Katafaren zauren da ya gina wa jirgin a kudu da Berlin yanzu wurin shaƙatawa ne da ninƙaya.