Reshen Tsarin Kwamfuta da Rubutun Harsunan Ƙasar Yauri

Kwamfuta mai aiki da Linux tana ajiye zaɓin mai ita cikin waɗansu ƙananan fayiloli waɗanda sunansu ke farawa da ɗigo. Ɗaya daga ciki, watau .XCompose, shi ke faɗin maɓallan da za a haɗa a sami ɓ, ɗ ko ƙ. Masana kan baza nasu a fili, mai so ya kwafa ta hanyar Git, wadda Linus Torvalds ya ƙago a 2005. Kwafin da aka gyara ana iya kiransa reshe, gama yana riƙe da tarihin tushensa.

A ce malamai uku suna tattara kalmomi, ɗaya wurin Gungawan bakin tafkin Kainji, ɗaya wurin Kambarin Ngaski, ɗaya a Shanga, kowa yana ba da ma'ana da Hausa. In wannan ya rubuta ƴ irin ta Nijar, wancan 'y irin ta Nijeriya, ran da aka haɗa ƙamus sai kalma guda ta rabu gida biyu. Amma in tushe ɗaya suka kwafa, kowa ya ƙara alamun da harshen wurinsa ke bukata, rubutun Hausarsu ba zai saɓa ba. Ko kwamfuta ta lalace, sai a sake kwafowa.