Horar da malaman lise kan tsara algoritim: abin da Faransa ta gani

Kalmar algoritim ta samo asali ne daga sunan Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Da aka fassara littafinsa zuwa Latin, sai sunan ya lanƙwasa a bakin Turawa, har ya koma sunan hanyar aikin kanta. A yau ana nufin jerin matakai masu iyaka, kowane a fayyace, waɗanda idan aka bi su za a kai ga amsar wata matsala. Bayyana ma'anar abu ne mai sauƙi. Samar da malamin da zai koya wa ɗan shekara 16 ƙirƙiro irin waɗannan matakai da kansa shi ne jan aiki.

Faransa ta ɗanɗana wannan. A shekarar 2012 ta shigar da darasin kimiyyar kwamfuta na zaɓi, mai suna ISN, a ajin ƙarshe na ɓangaren kimiyya. A 2019 kuma aka faɗaɗa: SNT ga dukan ɗaliban ajin farko na lise, sai NSI ga masu son zurfafawa, awa 4 a mako a aji na biyu, awa 6 a na ƙarshe. Manhaja ta riga malamai isowa. Dole aka ɗebo malaman lissafi da na fiziks da na fasaha, jami'o'i suka ba su gajeren horo mai takardar shaida. Jarrabawar CAPES ta wannan fanni sai a 2020 aka fara ta, wato bayan an riga an shiga aji.

Me horon ya kamata ya bai wa malami? Iya rubuta Python, yaren da manhajar ta zaɓa, shi ne mafi ƙanƙanta. Manhajar NSI tana son ɗalibi ya nuna cewa algoritim zai tsaya, cewa amsarsa daidai ce, ya kuma auna yawan aikin da yake ci. A ɗauki neman kalma a ƙamus mai kalmomi 1000. Mai bi ɗaya bayan ɗaya zai iya duba dubun gaba ɗaya. Wanda ya buɗe tsakiya, ya yar da rabin da kalmar ba ta ciki, ya maimaita, ba zai wuce dubawa 10 ba. Ko da kalmomin sun kai miliyan, 20 sun isa. Malamin da ya haddace layukan shirin kawai zai iya rubuta su a allo, amma ranar da ɗalibi ya tambayi dalilin da ya sa dabarar ke rushewa idan ƙamus ɗin ba a jere yake ba, sai gumi ya karyo masa.

A nan ne masu nazarin harshe ke da ta cewa, domin kurakuran masu koyo da dama na magana ne tun kafin su zama na lissafi. Idan mai masauki ya ce "shayi ko kunu", ɗaya yake nufi. A mantiƙin kwamfuta kuwa "ko" tana karɓar ɗaya, tana karɓar duka biyun. Haka "har sai" da "muddin": ta farko tana faɗin sharaɗin tsayawa, ta biyu tana faɗin sharaɗin ci gaba, kuma wanda ya gauraya su zai iya rubuta maimaici da ba ya ƙarewa. Ɗalibin da ke tunani da Hausa, yana karatu da Faransanci, yana rubuta umarni da kalmomin Ingilishi, sau biyu yake fassara kafin ya kai ga na'ura. Horon da ya tsallake wannan ya bar giɓi babba.

Haruffan Hausa ma misali ne mai kyau na aikin aji. Idan aka umarci Python ya jera ɓera, ɗaki, ƙaho, ƴaƴa da zomo ba tare da wani ƙarin bayani ba, zomo zai sa a gaba, sannan ƙaho, ƴaƴa, ɓera, ɗaki, saboda lambobin ƙugiyoyin nan a tsarin Unicode sun zo can bayan z. Na'urar ta bi umarni sarai; ba a gaya mata jerin abjadin Hausa ba ne. Gyaran yana buƙatar ɗalibi ya rubuta jerin da kansa, ya kuma yanke shawara ko sh da ts harafi ɗaya ne ko biyu, tambayar da masu haɗa ƙamus suka daɗe da sani.

Akasarin wannan aiki ba ya jiran wutar lantarki. Tun shekarun 1990, Tim Bell na Jami'ar Canterbury da ke Niyu Zilan, tare da Mike Fellows da Ian Witten, suka tattara ayyukan CS Unplugged, inda ake koyar da jerawa da bincike da katunan takarda da alli a tsakar makaranta. Ana miƙa wa malamai masu karɓar horo katuna a hargitse, mutum ɗaya ya ba da umarni, ɗaya ya aiwatar da abin da aka faɗa kaɗai, ba abin da ya fahimci ana nufi ba.