Sanyin Faransa: abin dubawa kafin a sayi murhun itace na ɗumama gida

Duk wanda ya tashi a Damagaram ko Tahoua ya san kaskon wuta na hunturu: a zuba garwashi, a kewaye shi da asuba har rana ta ɗaga. Sanyin Faransa ba irin wannan ba ne. Yakan fara tun Oktoba ya kai Afrilu, kuma tun da kuɗin lantarki da na gas suka tashi a 2022, iyalai da yawa, har da ƴan ci-rani da ke zaune wajen manyan birane, suka koma tambayar farashin murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi da ake kira poêle à bois.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai cin faskaren itace, wanda ba ruwansa da lantarki, ko an ɗauke wuta yana aiki, sai dai dole wani ya riƙa tashi yana ƙara masa itace. Akwai kuma mai cin ƙwayoyin garin katako da aka matse, granulés, da ake sayarwa a buhu mai kilo 15. Shi wannan da kansa yake zuba wa kansa abinci, ana ma iya saita masa lokacin kamawa, abin da ya dace da mai fita aiki tun duku-duku. Amma yana buƙatar lantarki, fankarsa tana da ɗan ƙara, kuma a 2022 farashin buhun ya ninka.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen girma. Mai saye yakan ɗauka babban murhu ya fi. Masu sana'ar suna lissafa kusan kilowat 1 ga kowane murabba'in mita 10 a gidan da bangonsa ke riƙe zafi daidai gwargwado. Idan murhu ya fi ƙarfin ɗakin, zafi zai dami mutane, sai su rage masa iska. Wutar da ke ci a shaƙe tana ƙona itace rabi da rabi, ta baƙanta gilashi, ta tara kwalta a bututun hayaƙi, kuma wannan kwaltar ce ke kamawa da wuta wata rana.

Tun Janairun 2022 sabbin murhunan da ake sayarwa a Tarayyar Turai sai sun cika ƙa'idar Ecodesign, a Faransa kuma tambarin Flamme Verte ne ake nema a jiki. Murhun zamani yana mayar da fiye da kashi 75 cikin 100 na ƙarfin itace zuwa zafi, alhali tsohon murhun bango mai buɗaɗɗen baki bai wuce kashi 15 ba. Yankin Lyon ya hana amfani da irin wannan tun Afrilun 2023 saboda gurɓatar iska.

Itacen ma sai an zaɓa. Wanda aka fi so shi ne mai tauri, irin su chêne da hêtre, da ya bushe wajen shekara biyu. Ɗanye hayaƙi kawai yake yi. Katakon da aka shafa wa fenti ko magani, wanda ake tsinta kyauta a bakin hanya, hayaƙinsa guba ne.

Ɗan haya ba ya kafa murhu sai da izinin mai gida. Doka ta wajabta share bututun hayaƙi aƙalla sau ɗaya a shekara, a wasu yankuna sau biyu, kuma a adana takardar shaidar da mai sharar ya bayar, don ita kamfanin inshora zai tambaya idan gobara ta tashi. Mai neman tallafin gwamnati na MaPrimeRénov' kuwa sai ma'aikaci mai shaidar RGE ya kafa masa.

Abin da bai kamata a kwaso daga gida ba shi ne kaskon garwashi. Ɗakunan Turai a toshe suke, kuma gawayi na fitar da iskar carbon monoxide, wadda ba ta da wari ko launi. Kowane lokacin sanyi hukumomin lafiya na Faransa suna gargaɗi a kan haka. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka fara ciwon kai, jiri da tashin zuciya a lokaci guda, a buɗe tagogi, a fita waje, a kira 15, 18 ko 112.