Taram: kafin a haƙa hanya, sai an yi bincike

Hirarmu ta yau bisa taram ce.

Mene ne taram? Ƙaramin jirgin ƙasa ne da ke yawo cikin gari. Yana tafiya bisa dogo, wutar lantarki ke tura shi. Yana tsayawa unguwa unguwa, yana ɗaukar mutane fiye da mota.

A ƙasar Faransa, biranen da yawa sun taɓa samun taram. Da motoci suka yawaita, sai aka cire dogon. Garin Nant ya rufe nasa a 1958. Daga baya motoci suka cika hanyoyi, kuma a 1973 man fetur ya yi tsada ƙwarai.

A wannan shekara ta 1973 aka yi doka. Dokar ta ba manyan birane damar karɓar haraji daga kamfanoni, don biyan sufurin jama'a. A 1975, ƙaramin ministan sufuri, Marcel Cavaillé, ya rubuta ma birane 8 takarda. Ya ce su binciki ko taram zai dace da su.

To, me ake dubawa cikin irin wannan bincike?

Na ɗaya, mutane nawa za su hau kowace rana? Na biyu, wace hanya ce ke da faɗin da dogo zai bi? Na uku, kuɗi nawa aikin zai ci, wa zai biya? Na huɗu, gidajen wa da shagunan wa aikin zai taɓa?

Ku lura da kyau: bincike daban, gini daban. Garin Girenobul ya buɗe nasa taram a 1987. Bordo sai a 2003. Tulon yana cikin biranen 8, amma bai shimfiɗa dogo ba. Nant kuwa, ba a aika mashi takardar ba, amma shi ya riga kowa, a 1985.

Saboda haka, in kun ji majalisa na shawarar yin dokar bincike, ba aiki aka fara ba tukuna. Lissafi ake yi, don kada dukiyar talakawa ta salwanta. Lokacin ne ya kamata mutanen gari su faɗi ra'ayinsu.

Ku tattauna wannan da malaminku. Sai mako mai zuwa, mu kwana lafiya.